Baƙon Kawu Lawal Ya Kwana a Otal

Bana shekara goma ke nan da rasuwar kawuna, Malam Lawal, wan mahaifiyata, wanda mutanen Faskari suka fi sani da Lawal Na-Turai. Bisa al'ada, duk wanda ya ɗauki alƙalami don tuna mamaci yabo yake jerawa, ya rufe da neman addu'a. Addu'ar kam ina nema, Allah Ya jiƙansa Ya sa ya huta. Amma ba yabo ne ya zaunar da ni ba. Kunya ce, kuma sabuwa ful, ta bana. Baƙon da Kawu ya kwashe fiye da rabin rayuwarsa yana jira ya tashi zuwa, ni kuwa da bakina na ce masa kada ya zo.

Kawu malamin dabbobi ne. An haife shi a wani ƙauye tsakanin Faskari da Sabuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, tunda yau babu mai kwana a cikinsa. Yana saurayi, yana aiki a Ƙanƙara, aka sa sunansa cikin waɗanda za a tura ƙasar Finland su koyo kiwon shanun madara. Abokan wasansa suka sami abin yi, wai an ɗauke shi daga Ƙanƙara an jefa shi cikin ƙanƙara. Da ya isa can ba a ɗakin kwanan ɗalibai aka ajiye shi ba, a gidan wani manomi aka sauke shi. Ɗan gidan sa'ansa ne, sunansa Matti, amma mu tun muna yara Mati muke cewa, kamar kowane Mati na kasuwar Mairuwa.

Abin da mutanen gidan nan suka yi wa Kawu bai daina faɗarsa ba har ya koma ga Allah. Uwar Mati ta ware masa tukunya da cokali waɗanda naman alade bai taɓa kusanta ba. Ta saƙa masa rigar ulu da hannunta. Azumi ya faɗo a watannin da rana ba ta son faɗuwa a ƙasarsu, tsohuwar nan ta ƙi kwanciya kullum sai ta ga ya sha ruwa, ta ajiye masa wani burodinta mai zaƙi da ƙamshi wanda har ya tsufa in ya tuna shi sai ya haɗiye yawu. Ranar da zai taho ya riƙe hannun Mati a tashar jirgin ƙasa ya ce masa, “Ɗakinka na Faskari yana jiranka.” A lokacin ko fili Kawu bai mallaka ba.

Wasan da ya riƙe abotarsu kuwa, bayan dawowarsa ne ya soma. Wasu Italiyawa masu aikin hanya sun kafa sansani a wajenmu, Kawu ke duba musu shanun da suke yankawa. Wata rana ya ji Baturen da ke kula da leburori yana ta ihu, “pala, pala,” yana nuna shebur. Kawu ya ce dariya ta kusa kayar da shi, don a teburin uwar Mati “pala” ɗan yanki ne, irin abin da za a gutsuro maka na burodi. Ya sa Baturen ya rubuta masa kalmar a ƙasa da tsinke, ya ga haruffan sak iri ɗaya. A makon ya sayi kaset, ya zauna gaban rediyo ya ba Mati labari, ya kai gidan waya. Bayan watanni kaset ɗin Mati ya iso da ramuwa: “villa,” wadda a yarensu ulu ce, a wajen Italiyawa kuwa katafaren gida. Lokacin Mati ya bar noma ya kama aikin jirgin ruwa, yana yawan sauka a Sifaniya, don haka shi ma ya sami gonar da zai riƙa roro.

Daga nan abin ya zama doka. Duk Babbar Sallah kowa zai kawo wa ɗan'uwansa kalma ɗaya, ita ce goron Sallarsu. Sharaɗin shi ne haruffa su zo daidai, ma'ana kuwa kada ta haɗa ko da kaka, kuma kalmar aro ba ta shiga. Haka muka taso muna jin “suo,” fadama a wajen su Mati, “nasa” a bakin Italiyawa. Muka ji “rata,” layin dogo a can, ɓera a Sifaniya. Shekarar da Mati ya kawo “vino,” karkatacce a yarensu, giya a wajen waɗancan, Kawu ya ƙi karɓa. Ya ce akwai dangantaka, tunda duk wanda ya sha ta a karkace yake tafiya. Sai da suka kwashe kaset biyu suna gardama. Ranar da aka kawo “loma,” hutu a Finland, tudu a Sifaniya, matar Kawu, Inna Hajara, tana tankaɗe a tsakar gida ta ɗago kai ta ce, “Ni dai lomar da na sani ta tuwo ce, kuma ga ta nan tana hucewa.”

Na sha ganin masu son su mai da wannan wasa darasi. Wani malamin makaranta ya taɓa ce masa a majalisa ai abin akwai hikima, haka mutane suke, fuska ɗaya zuciya daban. Kawu ya girgiza kai. “A'a Malam, kada ka ɓata mani abu,” in ji shi. “Ni dai daɗi nike ji. Mutane biyu ba su taɓa ganin juna ba, bakinsu ya hwaɗa wuri guda. Shi ke nan.” Ban taɓa jin ya ƙara komai a kan haka ba, kuma ni ma ba zan ƙara masa ba.

Da Allah Ya hore masa ya gina gida a Faskari, ɗakin da aka fara rufawa shi ne na kusa da zaure. Tun ranar sunansa ɗakin Mati. Ba kulle shi yake yi ba, baƙi na kwana, amma duk wanda aka shimfiɗa wa tabarma a ciki sai an gaya masa aro aka ba shi, mai ɗaki na hanya. Ni kaina duk hutun makaranta a nan nake sauka, kuma kullum sai na ji wannan sanarwa kamar yau na fara zuwa. Kowace shekara kafin ruwan farko sai ya sa an sake yaɓe, ko bangon bai tsage ba. A bayan ɗakin kuma ya gina wani ɗan gajeren ɗaki marar taga, da murhu da tarin duwatsu, inda ake zuba ruwa a kan dutse mai zafi a zauna cikin tururi. Ya ce mutanen Finland ba sa jin sun sauka sai sun yi wannan wanka, kuma sunan ɗakin a yarensu “sauna.” To fa. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ai kuwa suna ya dace da mai gini, wasu suka ce Lawal ya buɗe wa maza ɗakin wankan jego, a ƙasar da zafin bazara ke dafa ƙwai. Shi ya fi kowa dariya.

Mati bai zo ba. Ba don ya ƙi ba. Wata shekara ubansa ne ba lafiya, wata shekara haihuwa, wata aiki, daga baya matarsa ta kwanta jinya mai tsawo. Duk Sallah kalmar ƙarshe a kaset ita ce baɗi. Da wayar hannu ta shigo aka bar kaset, Kawu ya riƙa hawa kan dutsen bayan gari da safiyar Sallah yana neman inda murya za ta fita sosai, babbar riga na kaɗawa, yana ihu cikin yaren da babu mai ji a Faskari. Baɗin ba ta zo ba har wata kaka ya tafi ƙauye duba yankan dawa, zazzaɓi ya kama shi, kafin a nemo mota ya cika. A can aka yi masa sutura a ranar, kusa da iyayensa. Ni na kira Mati na gaya masa. Ya yi godiya ya ajiye waya.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da zai leƙo yau. Mutumin da ke hawa babur shi kaɗai daga Faskari zuwa Daudawa, ya zarce rugage yi wa shanu allura, ya kwana duk inda yamma ta same shi, a ba shi nono ya sha. Ya rasu ana jin labarin satar shanu daga nesa, ana cewa abin zai wuce. Bai ga ranar da ƙarar babura ta zama abin da ke sa uwa ta suri ɗanta ba. Bai ga mutanen ƙauyensa sun shigo Faskari da tabarmi a ka ba, sun bar rumbuna da gonaki da kaburburan iyayensu. Wani lokaci nakan ce Allah Ya rufa masa asiri da Ya ɗauke shi kafin nan, sai kuma in ji nauyin maganar in yi istigfari.

Inna ba ta yi shawara da kowa ba ta buɗe wa mutanen ƙauyen gida. Yanzu a ɗakin Mati akwai Baba Audu, tsohon da ke haƙa kabari a ƙauyen, da jikokinsa. Ɗakin tururin da aka yi wa dariya kuwa, matan da suka haihu a gudun hijira a nan suke wankan jego, don murhun a shirye yake kuma wurin a rufe. Tsokanar da aka yi wa Kawu ta tabbata. Wannan kam na san da ya gani sai ya riƙe ciki.

Bayan Ƙaramar Sallar bana 'yar Mati ta kira ni a Katsina, inda nake koyarwa. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, mahaifinta ya tsufa, likita kuma ya gaya masa in yana da wata doguwar tafiya a ransa ya yi ta yanzu. Sai ta miƙa masa wayar. Muryarsa ta shaƙe, amma na gane ta, muryar kaset ce. Ya ce yana so ya kwana a ɗakinsa ko sau ɗaya ne, ya kuma tsaya a inda aka binne abokinsa. Ya ce akwai kalmar da ya samo wa Lawal jim kaɗan bayan Sallarsu ta ƙarshe, ya ajiye ta don Sallah mai zuwa, Lawal bai kai ba. Shekara goma tana bakinsa, bai faɗa wa kowa ba, kuma ba ya so ya mutu da ita.

Na ce masa kada ya zo. Ban yi kwana-kwana ba, don Turancina ba shi da inda zai ɓoye magana. Na ce ƙauyen ba ya shiguwa. Na ce Bature a Faskari, kafin ya gama shan ruwan da aka tarbe shi da shi labari ya kai daji, kuma ba shi kaɗai abin zai shafa ba, har da Inna da duk wanda ke kwana a gidan. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, ko gobe aka sake tambayata haka zan ce. Amma da na ajiye wayar sai na ji kamar na yi tsirara a kasuwa. Mutanen nan sun karɓi baƙon da ba su san garinsu ba, suka ware masa tukunya. Mu kuma aka ce ga ɗansu nan zuwa, tsoho mai sanda, na ce ba mu da inda za mu sa shi.

Da na gaya wa Inna sai ta tare ni da tambaya.

“Mi ka ce mashi?”

Na maimaita.

“Kai ɗin wa? Ɗakinka ne? Shekara nawa kawunka shina yaɓe ɗakin nan kana gani? Wallahi da shina da rai, da ƙahwa zai tahi ya tarbo shi.”

Na ce Inna, da yana da rai shi ma da ya ga abin da muke gani. Ta ce ita ba ta ce ƙarya na yi ba, cewa ta yi ban ji kunya ba. A nan kam ba ta canka ba.

Mati ya ƙi haƙura gaba ɗaya. Ya ce to zai zo iyakar inda aka yarda ya zo. Haka suka sauka a Katsina shi da 'yarsa a farkon damina. Na so in kai su gidana, 'yar ta ce ta fi son wuri mai masu gadi a ƙofa. Da wane baki zan musa, bayan ni na tsorata su? Na tsaya a gaban teburin karɓar baƙi na wani otal ina kallon baƙon Kawu Lawal yana rubuta sunansa kamar ɗan kwangila, aka miƙa masa makulli da ɗan sabulu. Dogo ne, ya ranƙwafa, gashinsa fari fat. Ya dube ni ya ce da Hausar kaset, “Sannu da aiki.” Na so ƙasa ta tsage in shige.

Washegari da hantsi matata ta kira ni ta ce in zo gida, Inna ta iso. Ba ta gaya wa kowa za ta taho ba. Motar haya ta shiga, ta biyo ta Ƙanƙara, hanyar da ni mai gemu na daina bi. Ta zo da garin dawa, da kuka, da man shanu, da zakaru biyu ɗaure a ƙafa, da wani dogon ƙunshi da ta hana kowa taɓawa. Ko hutawa ba ta yi ba ta kori matata daga murhu. Da azahar muka nufi otal da kwanuka. Maigadi ya ce ba a shiga da abincin waje. Inna ta dube shi tun daga hula har takalmi ta ce, “Ɗana, baƙon Malam ne a ciki. Matsa.” Ya matsa.

A ɗakin ta kwance ƙunshin. Tabarmar ɗakin Mati ce, da rigar ulun nan, wadda asu ya ɗan taɓa a hannu. Ta ture kujerar otal gefe, ta shimfiɗa tabarmar a ƙasa, ta nuna masa. Sai da ni da 'yarsa muka riƙe shi kafin ya iya zama. Ya ɗauki rigar ya juya ta, ya sa yatsa a wuyanta yana bin saƙar, ya ce hannun uwarsa ne.

Ni ne tafinta. Inna ta ce, “Gaya mashi, tunda an hana shi zuwa ɗakinshi, na kawo mashi abin da ya ɗauku. Gaya mashi wanda ya hana shi ɗin ga shi nan zaune, ɗan ƙanwar Malam ne, mu muka goye shi.” Na fassara rabin farko na tsaya. Ta ce, “Maganata ta fi haka tsawo. Hwaɗa mashi duka.” Na faɗa duka. Mati ya yi murmushi ya ce in gaya mata yaron ya yi daidai. Ta ce ta sani, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ya ci tuwo da hannu, yana ɓata gaban rigarsa, Inna na ƙara masa man shanu. Da aka kwashe kwanuka ya tambaya ko akwai hoton kabarin, ko dutsen da aka rubuta suna a kai. Na yi masa bayanin yadda muke yi. Ba ma rubuta suna. Itace ake jerawa ko fasassun tukwane, a rufe da ƙasa, bayan 'yan damina wurin ya kwanta ya zama ɗaya da na kusa da shi. Abin da ke riƙe kabari a wajenmu shi ne mutanen da suka san wurin, masu wucewa su yi sallama su yi addu'a. Ya ce to wa ya san na Lawal? Ni dai ban riƙe ba. Ina wurin aka binne shi, amma ranar ba ƙasa nake kallo ba, kuma rabona da ƙauyen an daɗe. Inna ce ta amsa. Ta ce Baba Audu ya sani, shi ya haƙa, yakan ce gabas da wata tsamiya ne, kusa da na mahaifiyarsa. Ita kanta ba ta taɓa zuwa ba, tunda mata ba sa bin gawa.

Mati ya jinjina kai. Ya sa 'yarsa ta ɗauko wani gwangwani daga jaka. Burodin nan ne na uwarsa, 'yar ta gasa kafin su taso, ya ɗan bushe a hanya. Ya miƙa wa Inna ɗaya da hannu biyu, ya ce tunda ba zai kai ga Lawal ba, zai ba wadda ta fi kowa sanin dariyarsa. Sunan burodin nan a yarensu “pulla.” A Sifaniya kuwa, da haruffan nan ba ragi ba ƙari, “pulla” habaici ne, maganar da ake jefa wa mutum a kaikaice don ta sosa shi. Ya ce shekara da shekaru kalmar na kan teburinsu kowace safiya, su biyun babu wanda ya lura.

Na fassara. Inna ta dubi burodin, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har mayafinta ya zame. “To yau kam ka ci duka biyun, ga burodi ga habaici,” in ji ta. Dariyar ba ta ƙare ba ta juye kuka. Mati ma ya sunkuyar da kai a kan tabarmar. Ni ina tsakiya, ba abin fassarawa.

Da ta share fuska ta ce, “Wannan kalma ba tawa ba ce, ta Malam ce. Ni ajiya aka ba ni, kuma ni ba ni zuwa maƙabarta.” Ta juyo gare ni. “Kai ka hana mai ita kaiwa, kai za ka kai. Ka sa Baba Audu gaba ya nuna maka wurin. Ka yi mashi addu'a tukuna, sannan ka hwaɗa mashi a hankali.” Mati ya tambayi me ta ce. Da na gaya masa sai ya kama hannuna ya riƙe, kamar yadda aka ce Kawu ya riƙe nasa a tashar jirgi. Na ce na ɗauka. A gaban mutum uku na faɗa.

Ranar da za su koma ya roƙi in nuna masa ta ina Faskari take. Muka tsaya a filin ajiye motoci na otal, na nuna masa kudu maso yamma, ta saman wani shagon gyaran janareto. Ya cire hularsa ya tsaya yana kallon wajen. Iyakar ziyarar ke nan. Tabarmar ya tafi da ita, rigar kuwa ya ce ta Lawal ce, a mayar ɗakin.

Na je Faskari bayan tafiyarsu. Na sami Baba Audu a ƙofar ɗakin Mati yana jan carbi, idonsa ɗaya ya tafi, ɗayan ma yana bin sawu. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya ce, “Ko yanzu ka kai ni bakin tsamiyar nan, da ƙahwa zan auna maka. Amma wa zai kai mu?” Na tambayi masu sintirin gari, suka ce in cire wannan daga raina a bana, ciyawa ta rufe hanya kuma ba ciyawar ce abin tsoro ba. Wani ya ce ya ji an sare itatuwan wajen an yi gawayi. Ban gaya wa Baba Audu wannan ba. Na hau dutsen bayan gari inda Kawu ke tsayawa da waya, na hango wajen ƙauyen, kore shar, kyakkyawa kamar ba komai. Na yi tunanin in faɗi kalmar daga nan iska ta kai. Sai na ga wayo ne kawai nake so in yi wa tsohuwa da tsoho da mamaci, na sauko.

Me ya rage na Kawu Lawal bayan shekara goma? Shanun da ya yi wa allura an kore su. Kaset-kaset ɗin suna cikin wani kwali, babu rediyon da zai juya su. Kabarinsa yana cikin kan tsoho ɗaya mai ido ɗaya. Amma ɗakin yana nan, Inna ta sa an yi masa yaɓe kafin ruwan bana kamar kullum, kuma na ji da kunnena tana gaya wa jikokin Baba Audu aro aka ba su. Jarirai na fitowa daga ɗakin da aka kira na sauna, iyayensu na sa wa mai ginin albarka ba tare da sun san shi ba. Ya yi wa mutum ɗaya alkawarin masauki, mutane da yawa suka samu, sai shi wanda aka yi wa alkawarin. Ban san yadda Kawu zai auna wannan ba. Ina zaton zai yi murna da rabin farko, sauran rabin kuma ya dube ni kawai.

Ku taya ni yi masa addu'a, Allah Ya haskaka makwancinsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ja kwanan Baba Audu. Wannan ta ƙarshen da son kai a cikinta, ban ɓoye ba.

Da safiyar Babbar Sallar da ta wuce, ina dawowa daga idi, wayata ta yi ƙara. Mati ne. Bai kawo sabuwar kalma ba, ya ce wasan na mutum biyu ne. Ashe kafin ya tafi ya sa Inna ta koya masa tambaya ɗaya da Hausa, ya kuma riƙe ta daram.

“Ka kai?”

Na tsaya a bakin ƙofa da dardumar salla a kafaɗa, yara na ta murna da rago a tsakar gida.

Na ce, “Tukuna.”